Mai Buga Hatimi

Ofishina yana ƙarshen baranda,
bayan ɗakin shan shayin manya.
A ƙofa an rubuta: Kwamitin Ɗa'a da Ƙorafin Jama'a.
Harafi biyu sun ɓantare tun daminar bara,
ba wanda ya kawo ƙorafi a kansu.

Aikina in karɓa, in buga hatimi, in ba da lamba.
Shekara tara hannuna na hawa da sauka
kamar taɓarya a turmin da ba hatsi.

Ran Talata Ladidi ta zo daga Hayin Rigasa.
Keke biyu ta hau, sauran ta ƙarasa da ƙafa,
taɓo har idon sawu.
Ta kwance bakin mayafi, ta fiddo takarda
ninki huɗu, ta sha gumi,
jikanta ɗan aji biyar ya rubuta da jan biro.
A ƙasa ba sa hannu,
dangwalen yatsu ne, talatin da ɗaya,
a jere kamar an shanya daddawa.

Ta ce, "Ɗana, maganar rijiyar burtsatse ce.
A rediyo muka ji wai an gama,
wai har mun yi guɗa.
Allon na nan tsaye, hotonsa na murmushi,
awaki na shan inuwarsa.
Mu kuwa kullum muna ciniki da 'yan ga-ruwa.
Ba mu ce a ɗaure kowa ba.
A tambaye shi kawai, a gabanmu:
ina ramin?"

Na duba sunan wakilin,
sai yawu ya ƙafe mini.
Mataimakin shugaban kwamitin nan ne,
kujerarsa ce mai farin tawul a majingina.
Shi ne kuma, shekara tara baya,
ya yi 'yar rubutu a bayan katinsa
da ta zama wannan tebur,
ta zama kuɗin makarantar Ɗanlami da Kyauta,
ta zama buhun da ke sallama a gidana duk azumi.
An ce in baki ya ci, ido ke jin kunya.
Ba a faɗi abin da hannu zai yi ba.

Kabad biyu ne a bayana.
Na dama ana buɗe shi ranar zama.
Na hagu mukan kira shi Kogi,
abin da ya faɗa ciki, kada ya gada.
A can mai baron da ayarin jiniya ya karya wa ƙafa a Kawo yake kwance,
da jerin tallafin karatu da ya cika da surukai.
Gara kaɗai ke karanta su,
ita ma daga gefe take farawa.

Ladidi ba fuskata take kallo ba,
hannuna.
Ta ce, "Buga da ƙarfi, yadda zai fito."

Na buga.
Tebur ya amsa, kofin shayi ya yi rawa.
Na jawo babban rajista, wanda ba a yage masa shafi,
na sa lamba ɗari biyu da sha bakwai da tawada.
Na tsallaka titi, na yi mata kwafi da kuɗin abincin ranata.
"Ki ajiye inda kike ajiye takardar gida."
Asalin kuwa, dama na kai shi,
a sama, ba a ƙasa ba.

Ba jarumi ba ne ni.
Daren nan sau uku na tashi shan ruwa.
Ƙila a ce mahalarta ba su cika ba,
ƙila a ɗage sai bayan hutu,
ƙila buhun bana ya ɓata hanya.

Da yamma dai na tsaya a kan gada,
ina kallon ruwa mai yawa haka
yana ratsa gari, bai san Rigasa ba.
Na duba babban yatsana,
tawadar hatimi ta ƙi wankuwa.
Na talatin da biyu.